Bawa Mai Awon Hannu

Bawa ya shekara ashirin da biyu yana duba marasa lafiya a wani ɗan asibiti kusa da Burkusuma, kuma ni da nake share masa ɗaki ban taɓa ganin ya yi wa mai jinya tsawa ba. Ogansa ne dai ba ya tsira daga bakinsa.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai fid da kai ba, aka kira shi bita Sakkwato, wai a koya masa neman sakamakon bincike a waya. Madalla! Sai dai garinmu ba sabis. Kullum bayan la'asar Bawa ya hau babur sai tudun bakin iyaka, ya ɗaga waya sama ko ta kamo na Nijar.

A can ya karanto cewa uwa ma tana iya gane tamowa tun da wuri, in an ba ta ɗan tef mai launi ta riƙa auna damtsen ɗanta. Kore lafiya, ja a garzayo asibiti. Wata mata Larai ya fara tunawa. Fari na baya ta kawo ɗanta a makare, ya cika a hannunsa. Yanzu Jamilatu kaɗai ta rage mata, ga yarinyar ta fara ƙin kunu.

Bawa ya raba tef gida-gida. Wata guda, yara masu tamowa da aka rubuta suka tashi daga tara zuwa sittin. Sai ga Oga daga ƙaramar hukuma, yana huci.

"Kai Bawa, kafin tef ɗin nan naka yara tara ke gare mu! So kake a ce yunwa ta shigo a zamanina?"

"Ranka ya daɗe, bincike ne ya nuna."

"Binciken ya biyo ta ofishina?"

Wallahi haka aka bi gida-gida aka karɓe tef, aka kulle a durowa. Rahoton wata ya koma tara, har aka yaba wa Oga. Na yi takaici har na kasa cin tuwo.

Ashe Larai ta riga ta yanki kaba daidai tsawon tef ɗin, ta shafa lalle inda ja yake. Ran kasuwa ta shigo da Jamilatu a goye, ta miƙo kabar.

"Malam Bawa, ta kai wurin lallen."

Oga na zaune ranar. Ya ce kaba ba ta cikin ƙa'idar aiki. Bawa ya ɗauko tef ɗaya da aka bar wa asibiti, ya zagaya damtsen yarinyar, ya juyo da shi saitin idon Oga. Ja ne.

Oga ya buɗe baki, Larai ta riga shi.

"Alhaji, in ba ka so a rubuta ta, kada a rubuta. A dai ba ta abincin masu tamowa. Wancan ɗan nawa an rubuta shi, kuma na binne shi."