Saniyar da Gwaggo ta ƙaryata

Ni mai saurin fushi ce. Idan aka soki rubutuna a waya, sai in ce hassada ce, in kashe data. Gwaggo, ƙanwar babana da ke aure a wata ruga kusa da Unguwar Lalle, ita ce na kasa yi wa haka.

Ba ta yi boko ba, a waya ta saurari littafina na farko. Muka haɗu a kasuwar Sabon Birni tana gaban ƙwaryar nononta, na tambaye ta yadda ta ji shi, ina ta baza kunne in sha yabo.

A littafin akwai matar da ɗanta ya rasu, a makon kuma maraƙin saniyarta ya mutu. Washegari ta tatsi ƙwarya cike ta tafi talla. Juriya nake son nunawa.

"Ɗiyata, wagga saniya taki ƙarya ta," in ji Gwaggo. "In maraƙi ya mutu, uwa ba ta sakin nono."

Raina ya ɓaci sosai. Ana shirin sake buga littafin, shafin nan kuma shi na fi ji da shi. Amma kafin motarmu ta isa garin Isa, fushin ya koma tambaya: to yaya makiyaya suke yi?

Bayan kwana biyu na hau mashin na je rugar. Ta fito mini da fatar wani maraƙi da aka cusa wa ciyawa, ta ce gishiri ake barbaɗa mata a ajiye gaban uwar. Sai ta shinshina, ta lasa, sannan nono ya zo. Wata ko an yi haka ba ta yarda.

Na tambaye ta ko saniyar ba ta gane ba shi ba ne.

"Ta sani mana. Ƙamshinai taka biɗa."

Ta shiga bukka ta buɗe kwalla, ta zaro wata 'yar riga da ta koɗe. Ta ɗanta na fari ce, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba.

"Ita matat taki, ina tag aje rigaɗ ɗanta?"

Kunya ta rufe ni. Na koma Isa na cire shafin. A sabon bugun matar ba ta fita talla ba, rigar ɗanta kuma tana cikin kwalla.