Kwas ɗin da Baba bai koyar ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Habibu na Madabo, Allah Ya jiƙansa. Ba zan cika ku da yabo ba, an yi wannan tun ranar sadakar uku. Abin da ya sa na ɗauki biro daban ne.

Aikin Baba shi ne ba littattafai lamba a wani ɗan ɗakin karatu a cikin gari. Littafi ya shigo, ya duba abin da ke ciki, ya rubuta masa kati, ya kai shi kantar da ta dace: magani wurin magani, tarihi wurin tarihi. Ina ƙarama nakan ce masa wannan ai aikin marasa aikin yi ne. Dariya kawai yake yi.

Abin da ke ci masa rai shi ne takardun ajami. Mutane kan kawo na kakanninsu cikin gafaka, a warwatse babu ɗinki, don a adana musu. Abokan aikinsa da sun ga baƙaƙen Larabci ba sa ko karantawa, lambar addini suke danna musu. Alhali a ciki akwai wasiƙun fatake, akwai haɗin maganin ido, har da labarin iyakar gona. Shi ya sa ya tsara musu kwas na sati biyu. Ni na kwafe masa a littafi mai jan bango, don lokacin hannunsa ya fara rawa. Darasin farko: a karanta shafi har ƙasa kafin a ba shi lamba. Shugaban wurin ya ce a bari sai bayan damina. Damina biyu ta wuce, Baba ya kwanta, bai tashi ba.

Watan jiya wani tsohon marini daga Ƙofar Mata, Alhaji Ɗanlami, ya yi sallama a gidanmu. Ya ce Baba ne ya lallashe shi ya kai takardun kakansa ajiya, inda aka rubuta yadda gidansu ke haɗa shuni da toka. Ya kai su ne Baba yana kwance. Yanzu idonsa ya yi rauni, yana so 'ya'yansa su kwafa, ya je an ce babu.

Na sa hijabi na raka shi. Malam Nura, wanda ya gaji teburin Baba, bai ɓoye mana komai ba. Bara rufi ya yi yoyo, kwali biyu na bangaren addini suka jiƙe. Tunda ba a zubar da sunan Allah a bola, sai suka ƙona su cikin ladabi, suka binne tokar.

Na ce, "Kun karanta kafin ku ƙona?"

Ya ce, "Malama, ai dukkansu da bisimilla suka fara."

Wace takarda ce a garin nan ba ta fara da bisimilla ba? Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a jarida ba. Alhaji kuwa bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa da shuni ya rine, sannan ya roƙi a nuna masa inda aka binne.

Da Baba yana nan, na san ba zai zagi Malam Nura ba. Zai ce girmamawa ce mutumin ya yi, koya masa ne ba a yi ba. Ni ba ni da wannan haƙurin. Na ɗauki jan littafin na kai wa sabon shugaba, na ce ga kwas, a shirye yake. Ya ce sai an sami mai digiri da zai koyar, kuma a bari sai bayan damina. Kalmomin ma ba su canza ba.

Ba ni da digiri, sakandare na gama. Amma ajami a gaban Baba na koya. Asabar ɗin da ta wuce Malam Nura ya zo zaurenmu da kansa, da gafaka ɗaya a hammata, ya zauna ya buɗe ta. Muka karanta shafin farko har ƙasa. Wasiƙa ce, wata uwa tana tambayar ɗanta da ya tafi fatauci ko yana raye. An ba ta lambar addini.

Abin da ya rage na Baba ke nan: jan littafi, da ɗalibi ɗaya. Takardun Alhaji ba za su dawo ba. Saura kwali huɗu a ƙarƙashin rufin nan, kuma hadari ya fara haɗowa.