Ruwan Addu'ar Hajiya da Rufin Motata

Jama'a, ku ji wannan!

Yau na kai sabuwar motata unguwar Gwallaga, mai rufin gilashin nan, don Hajiyarmu ta sa albarka. Motar ta sha rana sosai. Hajiya ta ɗebo ruwan firij, ta tofa addu'a, ta sheƙa a kan rufin.

Tau! Kamar harbin bindiga! Gilashin ya tarwatse, ya zubo kan kujerar da 'yata Ummi ta bari yanzun nan. Na fizgo yarinyar ina dudduba ta. Ko ƙwarzane babu!

Na ce, "Hajiya, rufin fa!"

Ta ce, "Gode wa Allah, Sani, bakin mutane ne ya fita. Matsa min, saura gilashin gaba."