Iskar da Ba Ta da Wari

Shekarar da nake ɗauke da cikin fari, ina bincike a wani ɗakin gwaji a Keffi. Aikina in mayar da wani siririn mai ya zama sinadarin yin sabulu. A rufaffiyar tukunyar ƙarfe ake yi: mai a sama, ruwa a ƙasa, maganin da ke tayar da aikin yana narke a ruwan. Man namu taurin kai gare shi, ba ya shiga ruwa, sai ya yi ta yawo a sama kamar man shanu a ƙwaryar nono. Dole inji ya yi ta burkawa, ana tura musu iska daga silinda. Rabin iskar nan irin wadda janareto ke kashe mutane da ita a ɗaki ce, sai dai ita ba hayaƙi, ba wari.

Ban gaya wa malamina ina da ciki ba. Dattijo sa'an babana, da wane bakin? Na dai ƙara faɗin hijabi.

Damina ta sauka, muka riƙa rufe tagogi saboda feshi. Da an ɗauke wuta, fankar da ke zuƙe iska sai ta tsaya. Na fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya.

"Laulayi ne, ki daure," in ji innata a waya.

Wata Litinin na tarar da ma'aikacin ɗakin dafe da goshi.

"Malama, ciwon kan nan ya ishe ni. In na je gida Agwada ya sake ni, in na dawo ya dawo."

Ƙaton namiji da laulayi?

Na dama ruwan sabulu, na bi mahaɗar bututun iskar ina shafawa, in ga ko tana yoyo. A bayan tukunyar, daidai inda nake ajiye kujerata, kumfa ta soma tasowa a hankali, tana fashewa, wata na biyo ta.

Muka rufe silinda, muka fita. Na zauna gindin mangwaro, tafina a kan cikina, ina jiran motsi. Tsoro irin na ranar ban taɓa ji ba. Aka kira azahar, shiru. Sai dab da la'asar na ji ɗan shuri, mara ƙarfi.

Yarinyar tana firamare yanzu. Duk ranar da ta ce, "Mama, kaina," kafin in nemi magani sai na buɗe tagogin gidan duka, ko da ruwa ake yi.