Ganyen da Mama ta Daina Tsinka

Ranar wata Laraba ta watan Satumba, ina 'yar shekara tara, wata Baturiya ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan da muke haya a unguwar Glenwood, a Amurka. Dawowata ke nan daga makaranta, ko takalmi ban cire ba. Mama na durƙushe a kicin tana dakan ƙuli-ƙuli a ɗan turmin da ta taho da shi daga Malumfashi, ƙanena Sadik na barci a kan kujera, Baba kuwa yana kamfanin haɗa kujeru inda yake aiki. Matar ta nuna katin da ke rataye a wuyanta, ta ce daga ofishin kula da yara take. Mama ba ta jin Turanci sai gaisuwa, don haka ni na tsaya tsakaninsu ina tafinta. A lokacin ban san cewa bakina ne ya kawo ta ba.

Duk Asabar ta lokacin zafi, Malam Sule, abokin Baba, yakan kwashe mu a motarsa zuwa McLeansville, inda ya samu aron fili yana noma masara da kuɓewa. Maza su shiga kunya da fartanya, Mama kuwa ta bi jikin shinge, idonta a ƙasa. Ranar da ta fara ganin rukuɓu a ƙasar Amurka, sai da ta zauna a kan dugaduganta tana dariya, ta ce da ganyen, "Ashe har nan ka biyo ni." Daga baya ta gano halshen saniya a gindin masara. Aikina riƙe leda ne, in ban shagala da bin fara ko yin langa da Sadik ba. "Ki bar ƙananan," takan ce, "mako mai zuwa za mu dawo musu." A gida ni ke wanki har ruwa uku, ita ta dafa, ta matse, ta kwaɗa da ƙuli da albasa da yaji. Daddawa ma da kanta take yi. Ta dafa waken suya, ta rufe shi a kwali a bayan tukunyar ɗumama ruwa, bayan kwana uku gida ya ɗauki ƙamshin da Baba ke shaƙa tun daga bakin ƙofa.

Litinin ɗin makon da matar ta zo ne malamarmu ta ce kowa ya faɗi abin da ya ci a ƙarshen mako. Na ɗaga hannu da ɗoki. Ban san sunan rukuɓu da Turanci ba, sai na ɗauko kalmar da na sani, na ce mun ci ciyawa, kuma a jikin shinge muke tsinko ta. Aji ya kwashe da dariya, wani ya yi kukan akuya. Malamar ba ta yi dariya ba. Da rana ta buɗe kwanon abincina, ta sunsuna, ta rubuta wani abu a takarda. Ba ta tambaye ni ko da daɗi ba, ba ta nemi iyayena ba.

"Ki tambayi mamarki ko kuna kwana da yunwa," in ji matar. Na juya na maimaita da Hausa. Mama ta dube ni, kamar ni na ƙirƙiri maganar. Sai ta miƙe ta rinƙa buɗe kabad ɗaya bayan ɗaya: buhun shinkafa, wake, gero, manja, kaji cike da firiza. Matar na dubawa tana rubutu. Da ta kai kan kwalin daddawa sai ta toshe hanci, ta ce in tambaya don me ake ajiye ruɓaɓɓen abinci a gidan da ke da yara. Wannan ma ni na fassara. Matar ta ta da Sadik daga barci ta lallatsa damtsensa. Dukanmu mun sha jin cewa a ƙasar nan ana raba uwa da 'ya'yanta, don haka na san abin da Mama take tsoro.

Sau biyu matar ta ƙara zuwa kafin a rufe maganar. Ba wanda ya ba Mama haƙuri. Amma tun yammacin ranar farko ta ɗauki kwalin da hannunta ta kai shi bola. Asabar ta zo, Malam Sule ya yi ta danna ham, ta ce a gaya masa ba ta jin daɗi. Daga nan kwanona ya koma burodi da cuku irin na kowa. Ko sau ɗaya Mama ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta doke ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya tono wannan shi ne 'yata Ummi, wadda ke koyon girki a kwaleji. Kwanan baya ta shigo rungume da wani ƙaton littafi a kan wani shahararren kuku ɗan ƙasar Denmark, tana ba ni tarihinsa kamar na wani waliyyi: yadda ya faro daga ƙasa a kicin ɗin wasu, yadda ya buɗe nasa gidan abinci, yadda masu hali ke jiran watanni su hau jirgi don su zauna a teburinsa. Na tambayi abin da ya yi na daban. Ta ce shi ke shiga daji da bakin teku yana tsinko ganyen da mutane ke takewa, kuma yana da ɗaki guda na ajiye wake da hatsi su yi tsami. Ta buɗe wani shafi, sai ga halshen saniya kwance a farin faranti, an jera shi ganye-ganye.

Sai da na fita waje na sha iska. Ba na jin haushin mutumin, ya yi aikinsa, ya ci moriya. Haushina na waɗanda suka ga ya durƙusa a jikin shinge suka ce hikima ce, suka ga uwata a durƙushe suka ce sakaci ne. Su ne suka toshe hanci a kicin ɗinmu, su ne kuma yanzu ke koya wa 'yata cewa a Turai aka gano abin da kakarta ta iya tun ba ta yi aure ba. Kuma har yau ban yafe musu ba da suka sa zagin ya bi ta bakin yarinya.

Ummi ta kai wa Mama littafin a gidan Sadik, kusa da titin Gate City Boulevard, inda take zaune tun rasuwar Baba. Mama ta sa tabarau, ta rinƙa bin hotunan da yatsa, tana kiran sunan duk wanda ta gane da Hausa, tana faɗin wanda ake kwaɗawa da wanda sai miya. Ummi ta roƙe ta su fita ranar Asabar ta nuna mata su a ƙasa. Mama ta rufe littafin a hankali.

"Ni na gama da wannan, Ummi," ta ce. "Akwai alayyafo a kanti."

Filin Malam Sule ya zama gidaje tuntuni, amma rukuɓu na nan yana fitowa a gefen kowane titi, ba mai kula shi. Shekara talatin ke nan, in muka zo wucewa, Mama kau da kai take yi.