Ƙwallon Yayana a Gonakin Mutane

Ranar da Yayana ya rasu, tsoro ne ya riga kuka zuwa mini. Ina zaune a zaure ana yi masa wanka, abin da ke cina shi ne shaidar da mutane za su yi masa. Mun taso mun san bakin jama'a a kan mamaci ba abin wasa ba ne. Shi kuwa, Allah Ya jiƙansa, a ganina ya yi shekaru yana tara wa kansa masu jin haushi.

Fataucin albasa ne ya fitar da shi daga Aliero. Kumasi, Abijan, Duwala, Legas, babu inda bai taka ba. A can wani abokin ciniki ya koya masa golf, wasan nan da ake dukan ɗan farin ƙwallo da sandar ƙarfe har ya faɗa rami. Mutane na dawowa daga tafiya da agogo da darduma, namu ya dawo da jaraba. Ya ware fili a bakin fadama ta hanyar Sabiyal, ya binne gwangwanayen madara a matsayin ramukan, kullum bayan la'asar yana can, babbar riga a naɗe a kafaɗa.

Da ƙwallon na tsayawa a filinsa, da sauƙi. Ina! Yau ya faɗa fangalin albasar wane, gobe gonar geron wane. Ya bi shi da ƙaton takalminsa ya tattaka shuka. Ko Jega za shi, ko Maiyama, sandunan na bayan mota, sai ya tsaya a bakin hanya ya maka ƙwallo. Washegari a ɗora buhun taki ko hatsi, wani lokaci har injin ban ruwa, a ce ramuwar ɓarna ce. Wa ke kaiwa? Ni. Ni ke durƙusawa gaban dattawa ina ba da haƙuri, da furfurata.

Na sha yi masa faɗa. "Yaya, don girman Allah ka bar abin nan. Ko ka iya, ko ka bari! Da jikokinka kana shiga gonakin mutane?"

Sai ya yi dariya. "Ƙanena, hannu ne ke kuɓuce mini. Ka dai kai wa mai gonar, ka ce na yi kuskure."

Bayan azahar muka fito da shi. Na ɗaga kai, layinmu ya cika har bakin titi. Babura daga Maiyama, motoci daga Jega, mutanen Sabiyal a ƙasa. Na duba fuskoki, kusan duk wanda na gani na taɓa ba shi haƙuri. Na ce a raina shi ke nan, sun zo ganin ƙarshen mai taka musu albasa.

Da muka dawo daga maƙabarta aka zauna gaisuwa, wani tsoho daga Kuberi ya matso kusa da ni. Na gane shi sarai, ya taɓa wanke ni tas a ƙofar gidansa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da farin ƙwallo, ya ajiye a kan tabarma.

"Malam, wanga na Yayanka ne," in ji shi. "Shekarar da ya faɗa gonata, rumbuna babu ko zangarniya. Ni ban taɓa roƙo ba, kuma da ya aiko da sunan sadaka da na mayar masa. Ya san halina. Abin da ya taka ko tsiro biyar bai kai ba."

Kafin in ce komai, wani malamin allo daga Jega ya ajiye nasa. Ya ce ƙwallon ɗan lotsa kwanon rufi ɗaya kawai ya yi, kwanon da dama ya ruɓe, amma Yaya ya sake wa makarantar rufi gaba ɗaya. Wata mata da mijinta ya rasu ta aiko da nata ta hannun ƙanenta. Wani ya ajiye, wani ya ajiye, har suna gangarewa daga tabarma ana tarowa.

Tsohon direban da ya sha kai Yaya Kumasi ya dube ni ya girgiza kai. "Alhaji, kai kaɗai ne ba ka sani ba? Da idona na ga manyan mutane suna tafa masa a filin wasan can. Wanda ke sa ƙwallo cikin gwangwanin madara daga nesa, shi zai kuskure fili guda?"

Wallahi daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Yayana ne fa! Duk faɗan da na yi masa, ashe ni ne ban iya kallo ba.

Sai kuma wani abu ya faɗo mini. Akwai shekarar da albasata ta ruɓe a ajiya, ban faɗa wa kowa ba, ko matata. A cikin makon ƙwallonsa ya faɗo tsakiyar gonata. Na same shi har gida na zazzaga masa, na karɓi iri da takin da ya aiko ina hura hanci, ko na gode ban ce ba.

Na miƙe tsaye.

"Jama'a," na ce, "ni ma ya taka mini. Nawa ƙwallon don haushi na jefa shi rijiya."

Zauren ya ɗauki dariya, ni kuma ina kuka kamar yaro. Liman ya ɗaga hannu ya fara yi masa addu'a. Da aka ce amin, har waɗanda ba su sami wurin zama ba, can bakin titi, na ji muryarsu.