Cigiyar Mumini Ladan

Duk wanda ya taɓa kwana a Kwarin Ɗinya ya san muryar Abdulmumini, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Shi ne ladanin garin, Mumini Ladan ake ce masa. Abin mamakinsa shi ne in'ina gare shi, irin mai tsananin nan da sai mutum ya runtse ido ya buga ƙafa a ƙasa kafin kalma ta fito. Ka ce masa ina kwana, kafin ya gama amsawa ka kai bakin rijiya. Amma bari ya sa yatsa a kunne ya ja murya, wallahi sai ka rantse ba shi ba ne. Ko gargada babu.

Tun suna yara yayansa Mati ne bakinsa. In an aike su Mati ke faɗin saƙo, Mumini ya riƙe kwano. Ko da aka zo nema wa Mumini auren Tahira, Mati ne ya yi ta zuba a zauren gidansu, shi kuwa angon yana gefe yana wasa da bakin tabarma. Tare suke noma gonar gado, gero da dawa da wake, da rani su gangara fadamar Watari su yi albasa. Sau ɗaya suka taɓa rabuwa, lokacin da Mati ya tafi ci-rani Libiya yana aikin gini. Yaƙi ne ya koro shi, ya dawo da ɗingishi da wata 'yar rediyo, da bakin da ya fi na da kaifi.

Lasifikar masallaci kuwa Alhaji Kamaruddeen ne ya sayo ta, wani ɗan garin da ke harkar hatsi a kasuwar Dawanau. Da yake masallacin a kwari yake, sai aka ja waya aka ɗaure ƙahon a kan dogon ƙarfe can bakin kasuwa, ya ba masallacin baya. Daga nan aikin Mumini ya ƙaru. Rasuwa, suna, ɗaurin aure, cigiyar akuya, duk shi ne. Kuma ya samo dabararsa: ba ya faɗa da maganar baki, ja yake yi kamar kiran salla. Sai ka ji, "Jama'a, ana cigiyar tunkiya fara mai baƙin kunne," cikin murya mai daɗi, har mata su tsaya da daka suna dariya.

To, 'yan shekarun nan dariya ta yi ƙaranci. 'Yan bindigar da ake jin labarinsu a nesa suka fara taɓa ƙauyukan yamma. Aka fara ganin mata da yara a kan amalanke da tukwanensu, ba su san inda za su ba. 'Yan sa-kai suka yawaita a hanyoyi, wasu an san iyayensu, wasu ba a sani ba. Sai wata kalma ta shigo gari, infoma, wato mai kai wa mutanen daji rahoto. Wanda aka liƙa wa ita ya shiga uku. Kowa ya koyi tauna magana kafin ya furta, ban da mutum biyu, Mati da Alhaji Kamaruddeen. Su kam kullum bayan la'asar suna rumfar masallaci da rediyo a tsakaninsu, suna musu a kan duniyar da ba ta san da su ba. Sun fi shekara goma a haka. In sun gaji su ci gyaɗa a faranti ɗaya, kowa ya kama gabansa.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, gero ya nuna ana shirin girbi. Bayan la'asar Furera mai ƙosai ta aiko a yi mata cigiyar ɗan akuyarta. Mumini ya yi, ya ajiye makirfon a kan tagar da ke kallon rumfar kamar kullum, ya yi sauri zuwa kasuwa don ya sami magirbi kafin maƙera su tashi. Bai kashe na'urar ba. Shekara da shekaru bai taɓa mantawa ba sai ran nan.

Yana tsugune gaban maƙeri yana gwada kaifin magirbi sai ya ji rediyo a saman kansa. Mai labarai yana cewa wata babbar ƙasa ta fara luguden wuta a kan wata ƙasa mai nisa, wai don ta kawar da 'yan ta'adda. Kafin Mumini ya gane daga ina sautin yake, muryar Alhaji ta cika kasuwa.

"Madalla! Haka ake yi musu. Wuta ce kaɗai maganinsu. Da ma su zo nan su ƙone dajin can ƙurmus, ni zan shige gaba in nuna musu hanya!"

Sai ga muryar Mati, tar kamar yana tsaye a tsakiyar rumfunan.

"Kai dai Alhaji buhu ka sani. Ina Libiya aka yi irin wannan, a kan idona. Cewa suka yi gyara suka zo, ga shi bindigogin can ne suke hana mu barci a nan. Yaron da bam ya kashe masa uwa da uba yana kallo, me kake so ya zama? In ya ɗauki bindiga, ni dai ban ga laifinsa ba."

Innalillahi! Mumini ya miƙe zumbur. Kasuwa ta yi tsit, har maƙerin ya tsaya da guduma a sama. Ga baƙi daga ƙauyukan da aka ƙona suna sayar da 'yan awakinsu. Ga wasu 'yan sa-kai da ba 'yan garin ba suna shan fura, bindigoginsu a jingine. Ɗayansu ya ajiye ludayi a hankali ya ce, "Muryar wa ce wannan?" Wani mai neman suna ya ce, "Mati ne, wanda ya zauna a Libiya."

Mumini ya yar da magirbin ya zuba a guje. Yana so ya ƙwala ihu tun daga nesa ya ce su yi shiru, amma in'ina ta tare shi, iska kawai ke fita. Su kuwa suna ta yi a saman ƙarfe, wannan ya ce, wancan ya ce. Da ya isa bai tsaya neman makunni ba, fizge wayar ya yi gaba ɗaya, ya nuna musu taga da hannu yana haki.

Alhaji ne ya fara ganewa. Ya tuna abin da ya ce game da daji, ya tuna ranar kasuwa ce kuma ba a san wa da wa ke cikinta ba, sai gumi ya karyo masa. Washegari da sassafe ya kwashe iyalinsa a mota zuwa gidan ƙaninsa a unguwar Rijiyar Zaki can birni, ko sallama bai yi ba. Mati kuwa dariya ya yi. Mumini ya bi shi har gona, ya kama masa riga, da ƙyar ya haɗa kalmomin: ya tafi shi ma, ko na ɗan lokaci.

"In gudu in bar gerona tsuntsaye su cinye? Haba Mumini. Me na yi? Magana ce fa kawai."

Mumini bai ƙara cin abincin kirki ba. Ko babur ya ji ya tsaya a bayan katanga sai gabansa ya faɗi. In yana kiran salla idonsa na kan hanyar yamma. Tahira ta yi ta ba shi baki, ya kasa gaya mata cewa ba don kansa yake tsoro ba.

Bayan 'yan kwanaki 'yan sa-kai suka zo da hantsi, ana tsakiyar girbi. A kan babura suke, wasu sun rufe fuska da rawani. Suka taho da Mati daga gona zuwa ƙofar mai gari, aka aika a kira mai lasifika. Babbansu bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata Mumini ke nan.

"Malam, kai ne ladan, ba za ka yi mana ƙarya ba. Yayan nan naka, yana tare da mutanen daji ko ba ya tare da su?"

Amsar tana cike da bakin Mumini. Yana so ya ce musun nan tsoho ne, da shi suke cinye gyaɗarsu. Yana so ya ce Mati ne ya sauke 'yan gudun hijira a zaurensa ya buɗe musu rumbu. Wanda zai faɗi haka a saurare shi yana Rijiyar Zaki. Mumini ya runtse ido, ya buga ƙafa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ba abin da ya fito.

Mati ya ce, "Ku yi masa haƙuri, in'ina gare shi. Ni ne bakinsa tun muna yara."

"Kai aka tambaya?" Mutumin ya ƙara duban Mumini, ya jira, sannan ya gyaɗa kai kamar ya sami abin da ya zo nema. Ya ce wa mai gari 'yan tambayoyi ne kawai, za a dawo da shi kafin azahar. Da aka ɗora Mati a babur ya waiwayo ya ce, "Ka ɗaure mini geron nan, kar raɓa ta ɓata shi."

Sai da ƙarar baburan ta ɓace sannan abin ya faɗo wa Mumini: da ya ja murya! Da ya sa yatsa a kunne ya rera musu amsar kamar yadda yake cigiyar tunkiya, da ta fito sumul. Nan ya zube a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

An yi azahar, an yi la'asar, Mati bai dawo ba. An ɗaure gero an kai rumbu, an yi albasa an cire. Mai gari ya je duk inda ake zuwa, ko'ina sai a ce ba a kawo mai wannan suna ba. Mairo matar Mati ba ta taɓa yi wa Mumini maganar lasifika ba, kullum dai in ya shiga gaishe ta sai ta dubi bayansa tukuna, ko za ta ga Mati. Rumfar masallaci ta zama kufai. Wanda ya zo salla sai ya saci kallon tagar nan kafin ya amsa gaisuwa.

Mumini yana nan yana ladanci. Ranar kasuwa, bayan la'asar, yakan ɗauki makirfon, ko da yake bai san kunnen wa za ta faɗa ba. Sai ya ja murya: "Jama'a, ana cigiyar wani dattijo, sunansa Mati, dogo ne baƙi, yana ɗingisa ƙafar hagu. Ba ya tare da kowa, manomi ne. Wanda ya gan shi, don Allah ya gaya wa ƙaninsa."

Ba mai dariya. In ya gama ya kashe na'urar, ya zare wayar, ya naɗe ta ya sa a aljihu ya tafi da ita gida.